Fara Daga Bango: Abin Da Na Koya A Karatun Lantarki Da Kwamfuta

 Na gode wa Edita da ya ba ni fili a cikin mujallar bana. Sa'ad da ya roƙe ni in rubuta wani abu game da karatun da na yi bayan na bar makarantar nan a shekarar 1991, na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa muku, gama kusan dukan na'urorin da na koyi aiki a kansu a kwaleji sun riga sun zama tarkace. Talabijin mai ƙaton baya, da rediyo mai kaset, da faifan kwamfuta da muke kira fulofi, yawancinku ba ku taɓa riƙe su da hannu ba. Duk da haka akwai abu guda da na koya wanda har yau shi ne ke ciyar da iyalina, labarinsa kuwa nake so in ba ku.

Abin ya fara ne da ɓarna. Babana manomi ne, yana da wani rediyo mai cin batir huɗu wanda yake ji da shi ƙwarai. Da shi yake sauraron labarun duniya da asuba kafin ya tafi gona, da dare kuma maƙwabta sukan taru a ƙofar gidanmu su ji tare. A hutun da na gama aji uku, ran nan Baba ya tafi kasuwa, sai na ɗauki wuƙa na kwance bayan rediyon domin in ga inda murya take fitowa. A ciki na ga waɗansu 'yan gwangwanaye masu sukurori a kansu, wani ja, wani rawaya, wani baƙi. Na ce a raina lalle sun saki ne, in na ɗaure su murya za ta ƙaru. Na bi su ɗaya ɗaya na ɗaure tam. Da na kunna, sai shuuu kawai. Ko tasha ɗaya bai ƙara kamawa ba.

Baba bai doke ni ba. Kashegari ya ɗora ni a bayan keke, ina rungume da rediyon, har wurin mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin ya duba, ya kaɗa kai, ya ce mini, "Yaro, ka san abin da ka juya kuwa?" Na ce a'a. Ya bayyana mana cewa waɗannan sukurori tun daga masana'anta aka daidaita su domin rediyon ya iya tace tashar da ake so daga cikin sauran, ni kuwa na watsa aikin duka cikin minti biyar. Gyaran ya ci wa Baba kuɗin kaji biyu. A hanyar komawa gida magana ɗaya ya yi: "Tun da yake hannunka yana ƙaiƙayi, sai ka je ka koya da kyau."

Na dawo makaranta na shiga ajin kimiyya. Ina son ɗakin gwaje-gwaje, amma lissafi ba abokina ba ne. Malaminmu na Fiziks yakan sa mu maimaita dokar da wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827, wato ƙarfin turin wuta daidai yake da yawan wutar da ke gudu a cikin waya in an ninka shi da yawan turjiyar wayar. Mukan rera ta kamar karatun 'yan firamare, muna dariya a ɓoye. Ni dai na haddace ta ne domin jarrabawa. A jarrabawar ƙarshe da ƙyar na sami kiredit a lissafi.

Da sakamako ya fito sai gardama ta tashi a gida. Kawuna ya ce in tafi kwalejin horon malamai, gama malami ba ya rasa albashi, kuma ana girmama shi a gari. Ya ce, "Wane irin karatu ne wannan, mutum ya yi shekara huɗu a kwaleji domin ya zama mai gyaran rediyo? Ai wanda ke bakin kasuwa bai je ko'ina ba." Maganarsa ta shige ni, domin ban san amsar da zan ba shi ba. Baba ya yi shiru kwana biyu. A rana ta uku ya ja ɗan bijimin da yake kiwo ya kai kasuwa, ya dawo ya ƙirga mini kuɗin rajista a hannu. Haka na shiga wata kwalejin kimiyya da fasaha a shekarar 1992, a sashen lantarki.

Na tafi da zaton daga ranar farko za a ba mu sukudireba da ƙarfen narka dalma. Da na ga jadawalin darussa sai gabana ya faɗi. Aljebra, da lissafin kusurwoyi, da wani sabon lissafi da ake kira kalkulos, da zanen injiniya, da Turanci, sa'an nan da aikin bita inda muka yi makonni muna goge ƙarfe da zarto har hannuwanmu suka yi kanta. Na yi fushi, na ce ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na riƙa zama a bayan aji, in lokacin lissafi ya yi kuma sau da yawa sai in sulale. Ƙarshen zangon farko aka kafa sakamako a allo, na faɗi kalkulos, aka ce sai na maimaita. Wanda ya ci gaba da faɗuwa kuwa korarsa ake yi.

Da na je hutu Baba ya tambaye ni yaya karatu, na ce lafiya lau. Wannan ƙarya ta hana ni barci. Kullum in na wuce turken da babu bijimi sai in ji kamar ana nuna ni da yatsa.

Wadda ta taimake ni wata 'yar ajinmu ce. Mata uku ne kaɗai a cikinmu, ita ce kuwa ta fi kowa a ajin, maza da mata. Da na faɗa mata damuwata ba ta buɗe littafi ba, sai ta kai ni ɗakin gwaji ta roƙi mai kula da wurin ya kunna mana wata na'ura mai ɗan gilashi wadda ke zana siffar wutar lantarki. Ta haɗa ta da ƙaramar taransifoma, sai ga wani koren layi yana hawa yana sauka kamar tafiyar maciji. Ta ce, "Ka gane shi? Shi ne zanen da malamin lissafi yake yi a allo kana barci. Wutar da ke cikin bangon nan tana zuwa ta koma sau 50 a kowace daƙiƙa. In ba ka san lissafinta ba, yaya za ka san abin da take yi a cikin rediyo?" A ranar ne na gane cewa lissafi shi ne idon da ake ganin wutar lantarki da shi, tun da yake ita kanta ba a ganinta. Na koma gaban aji. Muka riƙa yin aikin lissafi mu biyar kowace yamma, in an ɗauke wuta mu kunna aci-balbal. Na maimaita darasin na ci. Sai bayan haka na iya faɗa wa Baba gaskiya. Ya ce, "Da ma na ga alama. Na bar ka ne in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Daga nan karatun ya fara daɗi. Muka koyi 'yan ƙananan kayan da ke cikin kowace na'ura: rizista mai rage gudun wuta, da kafasita mai ajiye ta na ɗan lokaci, da dayod mai barin ta ta bi hanya ɗaya kaɗai, da kuma taransista, wadda ita ce uwar tafiyar. An ƙirƙiro taransista a Amurka a shekarar 1947, a ɗakin bincike na Bell, mutum uku kuwa da suka yi aikin, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, sun sami lambar Nobel a 1956. Aikinta iri biyu ne: takan ƙara wa ƙaramar sigina ƙarfi, kamar yadda take yi a rediyo, takan kuma zama makunni, ta buɗe ko ta rufe hanyar wuta ba tare da an taɓa ta da hannu ba. A 1958 Jack Kilby ya nuna ana iya haɗa da'irar lantarki a kan ɗan ƙaramin guntu ɗaya. A 1971 kuma kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 4004, wadda take da taransista 2,300. Ƙwaƙwalwar wayar hannu ta zamanin nan tana da biliyoyinsu. Malaminmu yakan ce kwamfuta taron makunnai ce kawai, a kunne 1, a kashe 0. Wanda ya gane makunni ɗaya da kyau ya kama bakin zaren. Saboda haka ne karatun lantarki da na kwamfuta suke tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Game da kwamfuta kuwa, za ku yi dariya in kun ga yadda muka koya. Mu huɗu ko biyar muke zama a gaban guda ɗaya, sau ɗaya a mako. Babu linzami, babu hotuna, sai baƙin allo da farin rubutu, kana buga umarni na MS-DOS. Mukan rubuta shirinmu na BASIC a takarda tun a ɗakin kwana, mu bi shi layi layi da fensir, gama in lokacinka ya zo ba ka da damar yin kuskure sau biyu. Fulofin da muke ajiye aiki a kansa yana ɗaukar megabayit 1.44 ne kacal, yawancin hotunan da kuke ɗauka da waya yau ko ɗaya ba zai shiga ciki ba. A lokacin muna ganin wahala ce. Daga baya na ga amfaninta, gama ta koya mini in yi tunani tukuna kafin in taɓa.

Bayan shekara ta farko aka tura mu koyon aiki na wata huɗu a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF take kula da shi. An kafa hukumar a 1971, hedkwatarta kuwa tana Jos. Ni na sami wuri a shagon wani dattijo mai gyaran talabijin. Firamare kaɗai ya yi, amma ya fi shekara ashirin a kan sana'ar. Na shiga shagonsa ina ɗaga kafaɗa, ni ɗan kwaleji.

A mako na biyu aka kawo wani talabijin da ya mutu ɗungum. Maigida zai fita, ya ce in duba. Na buɗe baya, na shimfiɗa taswirar da'irar, na yanke hukunci cewa wata babbar taransista ce ta ƙone. Na cire ta na sa sabuwa, shiru. Na canja kafasita biyu, shiru. Awa biyu ina gumi. Da ya dawo bai ko dubi cikin talabijin ɗin ba. Ya ɗauki mita ya auna soket na bango, wuta tana nan. Ya kwance fulogi, sai ga waya ɗaya ta tsinke a ciki. Ya ɗaure ta, talabijin ya kawo. Sa'an nan ya sa ni na mayar da tsofaffin kayan da na cire, gama lafiyarsu ƙalau, kuma bai kamata mai talabijin ya biya kuɗin jahilcina ba. Ya ce, "Ɗana, fara daga bango. Ka bi wuta daga inda ta shigo, kana aunawa, har ka kai inda ta tsaya. A nan ciwon yake. Mai canke yana iya dacewa sau ɗaya, amma zai talauta mutane."

Shi ne kuma ya koya mini tsoron wuta. Kwalbar talabijin mai launi ta wancan zamani tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma takan riƙe caji ko bayan an zare fulogi. Ran nan na kai hannu ba tare da na sauke cajin ba, ta fizge ni har gwiwar hannuna ta bugi bango ta fashe. Tabon yana nan har yanzu. Tun daga ranar nake bin ƙa'idarsa: a kashe, a zare, a sauke caji, a auna, sa'an nan a taɓa. In kuwa dole ne a yi awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a aljihu, domin kada wuta ta bi ta ƙirji daga hannu zuwa hannu.

Amma kada ku ce ashe Kawu ya yi gaskiya, kwaleji ba ta da amfani. A cikin watannin nan aka fara kawo sababbin talabijin waɗanda aka cusa yawancin aikinsu a cikin 'yan guntaye baƙaƙe masu ƙafafu da yawa. Maigida ya saba da gane ciwo ta wurin ƙauri da launi da ƙara, waɗannan kuwa ba su nuna kome a waje. Sai ya riƙa kirana in karanta masa takardar bayanin guntun, in faɗa masa bolt nawa ya kamata a samu a kowace ƙafa, shi kuma ya auna. Ran da zan tafi ya ce mini, "Da na sami abin da kake samu, da ban tsaya a shagon nan ba. Kada ka yi wasa da shi." Shi yana da hannu, ni ina da takarda, kowannenmu kuwa rabin ma'aikaci ne in babu ɗayan.

Na gama ƙaramar difloma, wato ND, a 1994, na yi shekara guda ta aikin masana'anta, na koma na gama babbar difloma, wato HND, a 1997, inda na fi mai da hankali ga lantarki da kwamfuta. Na yi hidimar ƙasa a 1998. Ba zan ɓoye muku ba, bayan haka na sha wuya. Na yi ta yawo da takardu. Akwai wuraren da aka ce mini masu digiri kaɗai suke so, ko da yake aikin na hannu ne wanda na san na iya. Wannan bambanci tsakanin HND da digiri tsohuwar magana ce a ƙasarmu, ya kamata kuwa duk mai zaɓen hanya ya san da ita tun da wuri. Da na gaji sai na kama ɗan shago da bashin da yayata ta ba ni, ina gyaran rediyo da talabijin da kwamfutocin masu buga takardu. Kawu ya zo ya gan ni a ciki, bai ce kome ba, shirun nasa kuwa ya fi magana zafi.

A shekarar 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, al'amura suka juya. Kamfanoni suka shiga neman waɗanda za su kafa na'urori a kan dogayen turaku su kuma kula da su. 'Yar ajinmu da ta koya mini lissafi tana cikin waɗanda aka fara ɗauka. A shagona kuwa aka fara kawo wayoyi, abin da ko sau ɗaya ba a koya mana a aji ba. Na ji tsoro da fari. Amma da na buɗe guda ɗaya, sai na ga batir ne, da hanyoyin wuta, da rizista da kafasita, sun ƙanƙance ne kawai. Na fara daga batir ina aunawa. Haka kuma na yi sa'ad da talabijin marar kauri ya kori mai ƙaton baya, haka na yi da wutar sola ta yaɗu. Kowane sabon abu sai na koma na zama ɗalibi, amma ban taɓa komawa farko ba, gama harsashin yana nan.

A 2004 na sami aiki a wani asibitin karkara a matsayin mai kula da na'urori. A can ne abin da ya sa na rubuta wannan takarda ya faru. Wata rana da damina, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka buga mini ƙofa. An kwantar da wata yarinya 'yar shekara biyu mai ciwon namoniya, numfashi yana yi mata wuya, na'urar da ke ba ta iskar oksijin kuwa ta tsaya tana ta ƙara. Tukunyar iskar da ake ajiyewa domin ko-ta-kwana ta kusa ƙarewa, asibiti mafi kusa kuma yana da nisa, ga hanya ta lalace da ruwa. Irin wannan na'ura tana zuƙo iskar ɗaki ne, wadda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, ta tace naitirojin ta fitar, ta ba majiyyaci abin da ya rage. Tana da ɗan inji a ciki mai matsa iska. Na iske injin yana gurnani amma ya kasa tashi.

Kowa a ɗakin ya ce na'urar ta mutu. An riga an kawo ta biyu an gwada, ita ma haka. Uwar yarinyar tana durƙushe a bakin gado, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, ka taimake ni." Hannuna yana rawa, na riga na ɗauki sukudireba zan kwance na'urar, sai na tambayi kaina, yaya na'ura biyu za su kamu da ciwo ɗaya a dare ɗaya? Na ajiye sukudireba na ɗauki mita. A soket na sami bolt 175, inda ya kamata a sami wajen 230. Na ruga cikin ruwa zuwa ɗakin janareta na auna, wutarsa daidai take. Ashe a hanya take ɓacewa. Na bi wayar da tocila. An jawo wutar ɗakin yaran ne da wata doguwar waya siririya mai ɗauri da yawa, a daren nan kuma wani ya haɗa tukunyar dafa kayan aiki mai cin wuta sosai a kan layin. Dokar Ohm ke nan da muke rerawa muna dariya: wuta mai yawa ta bi ta waya mai turjiya, sai ƙarfinta ya zube a hanya. Na zare tukunyar, mita ta hau sama da 220, na kunna na'urar, injin ya tashi. Duka bai fi minti goma sha biyar ba. Da na kwance na'urar, da na ɓata awa guda ina neman ciwon da ba ya cikinta.

Likita da nas-nas ne suka yi jinyar yarinyar, bayan mako guda kuwa aka sallame ta tana wasa. Nawa aikin ɗan kaɗan ne. Amma a daren nan na tuna da malamin Fiziks na makarantar nan, da 'yar ajinmu, da dattijon mai shago, da bijimin Baba, na ga dukansu suna da hannu a cikin minti goma sha biyar ɗin. Cikin makon muka canja wayar da mai kauri.

Yanzu, ƙannena, ga wanda yake sha'awar wannan hanya, bari in faɗa masa yadda take. Kana bukatar kiredit a darussa irin su Turanci, da lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, sa'an nan ka rubuta jarrabawar JAMB. A 2010 aka haɗa jarrabawar ta zama ɗaya domin jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin ilimi. A kwalejin fasaha ND shekara biyu ce, sai shekara guda ta aiki, sai HND shekara biyu. A jami'a kuwa digirin injiniya shekara biyar ne. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ce ke tantance darussan kwalejojin fasaha, saboda haka kafin iyayenka su biya ko kwabo, a bincika ko ta amince da kwas ɗin da kake nema a makarantar da kake so. Majalisar COREN kuma ita ce ke yi wa ma'aikatan injiniya rajista, tun daga injiniyoyi har zuwa masu sana'ar hannu.

Ayyukan suna da yawa. Daga cikin 'yan ajinmu akwai masu aiki a kamfanonin waya, da gidajen rediyo da talabijin, da kamfanonin rarraba wutar lantarki, da bankuna inda suke kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta da na'urorin cirar kuɗi. Akwai masu kafa sola, akwai masu koyarwa, akwai irina a asibiti, akwai kuma masu shagon kansu waɗanda suka ɗauki yara aiki. Waɗansu sun bar waya da dalma gaba ɗaya sun koma rubuta manhaja. Amma takarda kaɗai ba ta ba kowa aiki ba. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda ba su daina koyo ba. Ku 'yan mata kuma, kada wani ya ce muku wannan aikin maza ne. Na riga na faɗa muku wadda ta fi mu duka.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Wanda ya kawo maka na'urarsa bai san abin da ke ciki ba. In ka ce guntu ya ƙone alhali fis ne kawai, zai biya. In ka cire nasa mai kyau ka sa tsoho, ba zai gane ba. Wayarsa kuma tana ɗauke da hotunan iyalinsa da asirin kuɗinsa. Na ga waɗanda suka fi ni gwaninta sun rufe shago saboda gari ya gane halinsu, gama rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dattijon da ya sa ni mayar da tsofaffin kayan nan ya koya mini wannan tun kafin in san ana koya mini.

Kawu ya rayu har ya ga na sa masa sola a gidansa, ya kuwa riƙa faɗa wa baƙi cewa ɗansa injiniya ne ya yi. Ban taɓa tuna masa da tsohuwar maganar ba. Baba ya rasu, rediyonsa yana wurina, yana kuma aiki.

Saboda haka, kai da ke aji huɗu ko biyar kana ɓuya a bayan aji in malamin lissafi ya shigo, ka matso gaba tun yau. Na'urorin da za ka yi aiki a kansu wataƙila ba a ƙera su ba tukuna, amma dokokin da za su bi suna cikin littafin da ke akwatinka. Ina yi wa 'yan aji shida fatan nasara a jarrabawarsu. Allah shi ba malamanmu haƙuri da lada, shi kuma albarkaci aikin hannuwanku. Amin.